SILIMA: ƘANE YA KAI WANSA?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu son silima, wai fim na biyu ba ya kai na farko. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Na farko, in ji su, ana yin shi da yunwa da ƙwazo, sa'ad da mai shi ba shi da kowa, ba shi da komi sai dabararsa. In ya yi sa'a jama'a suka karɓa, sai masu kuɗi su taso su ce a sake, a ƙara bindigogi, a ƙara dawaki, a ƙara gawawwaki. Abin da ake samu daga nan sai ya zama tuwon jiya, an ɗumama an ƙara ruwa. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa, don haka yau za mu gwada maganar a kan fim biyu na kaboyi waɗanda wani mutumin Italiya, Sergio Leone, ya shirya ɗaya bayan ɗaya. Wan ya fito a 1964, da faransanci ana ce masa «Pour une poignée de dollars», wato don dala cikin tafin hannu. Ƙanen ya biyo a 1965, sunansa «Et pour quelques dollars de plus», wato don a ɗan ƙara wasu daloli. Mai karatu ya lura, dalar da ake nufi a nan ta Amurka ce, ba tamu ta tamma biyar ba.

Fim ɗin kaboyi ba baƙo ba ne gare mu. A shekarun da suka biyo bayan samun ƴancin kai, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rabon fina-finai a ƙasashen Afirka masu aiki da faransanci, kuma kaboyi na cikin manyan hajojinsu. Abin ya shiga jinin samari har marigayi Moustapha Alassane ya yi fim a kansa a 1966, «Le Retour d'un aventurier», inda wani saurayi ya komo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka hana garinsu sakat. Djingarey Maïga da marigayiya Zalika Souley suna cikin waɗanda suka yi wasan. To, fina-finan nan biyu da za mu auna su ne suka buɗe ƙofar abin da ake kira kaboyin Italiya, wanda daga baya ya cika gidajen silima da Django da Ringo da ire-irensu.

FIM ƊIN TALAKA

Sa'ad da Leone ya fara aikin fim na farko cikin bazarar 1964, kuɗin da aka ba shi wajen dala 200.000 ne, abin da ya yi kusan miliyon 50 na sefa a canjin wancan zamani. Don a gane ƙanƙantar abin, shekara guda kafin nan an fito da «Cléopâtre», wanda Amurkawa suka ɗauki yawancinsa a birnin Roma, ya kuwa ci fiye da dala miliyon 30. Leone ya so manyan ƴan wasa irin su Henry Fonda da Charles Bronson da James Coburn, babu wanda ya samu. Daga ƙarshe aka ɗauko wani dogon saurayi mai shekara 33 da ke wasa a wani shiri na telebijin mai suna «Rawhide», aka biya shi dala 15.000. Shi ne Clint Eastwood. Takalmansa da ɗamarar bindigarsa ma shi ya zo da su daga gida. An ɗauki hotunan waje a ƙasar Espanya, kusa da Madrid da kuma yankin Almeriya, inda ƙasa ta bushe kamar ta arewacin Meksik, ƙwadago kuma yana da araha. Ba a ɗauki murya a wurin wasa ba. Ba'amurke yana turancinsa, ɗan Italiya yana yarensa, Bajamushiya tana nata, daga baya aka ɗora muryoyi. Masu fim ɗin har tsoro suke ji kada ƴan kallo su gane aikin gida ne su ƙi shiga, sai suka ari sunayen Amurkawa: Leone ya zama Bob Robertson, mai kiɗa Ennio Morricone ya zama Dan Savio.

Labarin gajere ne. Wani baƙo ya shigo garin San Miguel a kan alfadari, da bargo rataye a wuya, da guntun taba a baki. Gida biyu ke cin garin: gidan Rojo masu fataucin giya, da gidan Baxter masu fataucin bindigogi. Babu mai ciniki a garin sai mai ƙera akwatin gawa. Baƙon ya duba dama ya duba hagu, ya ga akwai kuɗi a tsakiya. Ya sayar da kansa ga waɗannan, ya sayar da asirinsu ga waɗancan, yana hura wuta yana karɓar lada hannu biyu. Sau ɗaya tak ya yi abin da ba na kuɗi ba: ya kuɓutar da Marisol, matar da Ramón Rojo ya ƙwace daga mijinta da ɗanta, ya ba su kuɗin da ya tara ya ce su ƙetare iyaka. Wannan alheri ne ya ja masa dukan kawo wuƙa. Ya tsere cikin akwatin gawa, ya yi jinya a wani tsohon ramin haƙar ma'adini, ya komo da faifan ƙarfe ɓoye ƙarƙashin bargonsa, domin ya san Ramón ba ya harbi sai a zuciya.

Talauci ya yi wa fim ɗin nan amfani ta hanyar da mai shi bai zata ba. Da yake babu kuɗin tara jama'a, garin ya zama kango, kangon kuwa ya ba da tsoro. Da yake magana tana da tsada wajen ɗora murya, Eastwood kuma da kansa ya nemi a rage masa zance, baƙon ya zama mutum mai shiru wanda ba a san cikinsa ba. Leone ya kawo na'urar ɗaukar hoto dab da fuskokin mutane, ana ganin zufa da ƙura da ƙiftawar ido. Morricone, wanda suka yi aji ɗaya da Leone a lakwal tun suna yara, bai sami babbar ƙungiyar makaɗa ba, sai ya haɗa fito da bulala da ƙararrawa da gita da muryoyin maza. Mai fiton, Alessandro Alessandroni, ya yi suna da wannan fito har ƙarshen ransa. Cikin minti kusan 100 an gama komi, babu inda aka tsaya jan rai.

Sai dai akwai wani tabo da ba ya wankuwa. Labarin ba na Leone ba ne. A 1961 babban mai shirya fim na ƙasar Japon, Akira Kurosawa, ya fito da «Yojimbo», labarin wani mai takobi da ya shiga gari tsakanin gidaje biyu masu gaba. Leone ya kwashe shi kusan fage bayan fage, ya musanya takobi da bindiga, ba tare da an biya haƙƙin mai shi ba. Kamfanin Toho ya kai ƙara. Masu kare Leone suka ce ai tushen labarin tsoho ne, suka ambaci wani wasan kwaikwayo na Carlo Goldoni a kan bara mai iyayengiji biyu, amma duk wanda ya ga fina-finan biyu ya san inda aka yi aro. Aka sasanta a kan Japonawa su karɓi kashi 15 cikin 100 na abin da fim ɗin ya samu a duniya, da ikon nuna shi a Japon da wasu ƙasashen Asiya. Rigimar ce ta sa Amurkawa ba su gan shi ba sai a farkon 1967.

INA AKA KAI ƘARIN KUƊIN?

Fim ɗin ya fito a Italiya cikin Satumba na 1964 ba tare da wani dogon talla ba, baki ya kai wa baki labari, har ya zama abin da kowa ke rububi. Leone ya ɓata da kamfanin Jolly Film a kan kuɗi, ya koma wajen wani lauya mai suna Alberto Grimaldi, wanda ya zuba wajen dala 600.000, ninki uku ke nan. Ladan Eastwood ya tashi zuwa 50.000. Kowa ya ajiye sunan aro ya ɗauki na ubansa. A nan ne gwajin yake, domin a daidai wannan gaɓa yawancin masu fim ke faɗuwa. Duk da ninkin nan, a ma'aunin Amurka fim ɗin bai fita daga sahun masu araha ba. Abin dubawa shi ne inda aka kai ƙarin.

Wani kaso ya tafi ga gini. Carlo Simi ya gina gari sukutum a hamadar Tabernas ta yankin Almeriya, da banki da masauki da tituna, aka kira shi El Paso. Wani kason ya tafi ga lokaci, don fim ɗin ya haura minti 130. Amma abin da ya fi kowane tsada a amfani, ya kuwa fi araha a kuɗi, shi ne mutum guda: Lee Van Cleef. Wannan ɗan wasa ya yi shekaru yana fitowa a matsayin ƙaramin mugu a fina-finan Amurka, tun daga «Le train sifflera trois fois» na 1952 inda bai furta ko kalma ɗaya ba. Hatsarin mota a 1958 ya lalata masa gwiwa, aiki ya ja baya, har ya koma yana zane da fenti don ya ci abinci. Leone ya tuna da fuskarsa, hanci kamar bakin shaho, idanu ƴan tsirit, ya ɗauke shi a kan dala 17.000.

Da shigowarsa lissafin ya sake. A fim na farko baƙon ba shi da tsara. Duk wanda ya gamu da shi ko dai wawa ne ko mugu, ƴan kallo kuma sun san ƙarshen kowa. A na biyu an sami mafarauta biyu masu bin sawun ɓarayin da hukuma ta sa lada a kansu. Ɗaya saurayi ne, ana ce masa Manco, wato mai hannu ɗaya, don komi da hagu yake yi, ya bar dama tana jiran bindiga. Ɗayan dattijo ne, Kolonel Douglas Mortimer, tsohon soja mai baƙaƙen tufafi da lofe, wanda ke yawo da jerin bindigogi naɗe a gefen sirdi kamar kayan wanzami. Leone bai yi gaggawar haɗa su ba. Ya nuna mana kolonel yana tsayar da jirgin ƙasa a Tucumcari, inda jirgi ba ya tsayawa, ya bi wani ɓarawo a hankali, ya bar shi yana ta harbi daga nesa har ya gama haɗa bindigarsa. Sa'an nan ya nuna mana saurayin a wani gari yana gama nasa aikin cikin ƙiftawar ido. Kafin su gamu mun riga mun san hannun kowa.

Gamuwar tasu ita ce wurin da na fi so a fina-finan biyu duka. Da dare a titin El Paso, kowa yana so ɗan uwansa ya bar masa gari. Suka taka wa juna takalmi kamar yara, yara na gaske kuwa suna laɓe suna kallo. Saurayin ya harbe hular dattijon ta faɗi, duk sa'ad da ya sunkuya zai ɗauka sai ya sake harbe ta gaba, har ta kai inda harsashinsa ba ya isa. Dattijon ya ɗauki hularsa ya sa, ya zaro bindigarsa mai dogon baki, ya ɗauke hular saurayin daga kansa, ya yi ta harbinta a sama bai bar ta ta taɓa ƙasa ba. Ba a zubar da jini ba, ba a yi wata doguwar magana ba, amma an gaya mana komi: ɗaya yana da sauri, ɗaya yana da nisa da haƙuri, kuma kowa ya gane yana bukatar ɗayan. Fage na gaba suna zaune suna shawarar raba lada.

AGOGON ALJIHU

Wanda suke farauta shi ne El Indio, mai dala 10.000 a kansa, shugaban wata ƙungiyar ƴan fashi da ke shirin fasa bankin El Paso. Gian Maria Volonté ne ya yi wasan, shi ne kuma ya yi Ramón a fim na farko. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙanen ba ci gaban labarin wan ba ne kai tsaye, tun da wanda aka kashe jiya ya dawo yau da wani suna. Haka tsoho Joseph Egger, mai akwatin gawa na San Miguel, ya dawo a matsayin wani tsoho mai surutu da jirgin ƙasa ya hana barci. Abin da ya haɗa fina-finan shi ne bargon nan, da tabar nan, da hannun mai shiryawa. Laƙabin «mutumin da ba shi da suna» ma masu talla na kamfanin United Artists ne suka ƙago shi a Amurka a 1967. A fim na farko mai akwatin gawa yana kiransa Joe.

Ramón mugu ne don yana son zinariya da mulki, iyakarsa ke nan. Indio kuwa mara lafiya ne. Yana ɗauke da agogon aljihu mai kiɗa, da hoton wata yarinya a cikin murfinsa. In zai kashe mutum sai ya buɗe agogon ya ce a jira kiɗan ya ƙare. In ya gama sai jikinsa ya mutu, a miƙa masa tabar wiwi, ya kwanta idanu buɗe yana tuna wani dare. Leone ya raba wannan tunawa kashi-kashi, bai ba mu ita gaba ɗaya ba sai kusa da ƙarshe: Indio ya leƙa ta taga ya ga wata amarya da mijinta, ya harbe mijin, ya auka wa matar, ita kuwa ta jawo bindigarsa ta kashe kanta. Can kuma mun riga mun ga kolonel yana buɗe wani agogo irin wannan sak. Mai kallo mai lura zai fara haɗa biyu da biyu tun kafin a gaya masa.

A nan ne, a ganina, ƙanen ya wuce wansa. A fim na farko kiɗa yana rakiyar labari daga waje. A na biyu kiɗan yana cikin aljihun mutanen labarin, suna jin sa kamar yadda muke jin sa, shi ke ƙidaya musu sauran numfashinsu. Morricone yakan fara da ƴar siririyar ƙarar agogon, ya ɗora gita, ya ɗora begila, ya sake sauka ya bar agogon shi kaɗai yana raguwa. Karon ƙarshe an yi shi a wani fili mai da'ira da aka shimfiɗa da duwatsu, masussukar wani ƙauye. Indio ya harbe bindigar kolonel ta faɗi ƙasa, ya buɗe agogo, ya san dattijon ba zai kai gare ta ba. Kiɗa na shirin ƙarewa sai wani ya tashi daga gefe: saurayin ne, riƙe da agogo na biyu. Ya ba kolonel ɗamararsa da bindigarsa, ya koma ya zauna yana gadi don a yi adalci. Bayan an gama, ya dubi hoton ya ce yana ganin kama. Kolonel ya ce ai dole, tsakanin wa da ƙanwa. Ya karɓi agogonsa, ya bar wa saurayin ladan duka, ya hau doki. Faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin bargo a San Miguel dabara ce mai daɗi, ƴan kallo sukan yi tafi. Amma dabara in ka gan ta sau ɗaya ka gama da ita, agogon kuwa ko a kallo na biyar yana kama zuciya.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙanen ba shi da aibi. Tsawon da aka ƙara ba duka ne ya yi amfani ba. Bayan an fasa banki an gudu zuwa ƙauyen Agua Caliente, labarin ya yi saƙo-saƙo. An kama mafarautan biyu suna satar kuɗin, an yi musu duka, sai Indio ya sa a sake su da dare don su da yaransa su kashe juna, shi ya tsira da dukiyar. Mutumin da ya iya shirya fashin El Paso da wayo irin wancan, ya rasa hanyar rabuwa da yaransa sai ta sakin maƙiyansa biyu mafiya haɗari? Wannan bai shiga hankali ba, an yi shi ne kawai don a kai mu filin duwatsu. Volonté ma wani lokaci yakan wuce gona da iri, da dariya da zare ido irin na dandalin wasan kwaikwayo. Sa'an nan ga maganar matar. Marisol ta fim na farko tana da suna, tana da ɗa, ta kuma fita da ranta. Ƙanwar kolonel ba a ba ta suna ba, ba ta ce uffan ba, an kawo ta ne don mutuwarta ta zama dalilin maza. Wanda ya ce fim na farko ya fi tausayi a wannan wuri, ba zan yi masa gardama ba. Akwai kuma ɗan wasan Jamus Klaus Kinski, mai doron da kolonel ya ƙyasta ashana a bayansa: fage biyu masu kyau aka ba shi aka kashe shi, alhali fuskarsa ta cancanci fiye da haka.

Duk da haka in an ɗora su a ma'auni, hukuncina bai da wuya. Wan ya fi tsari da sauri, amma tsarin na Kurosawa ne, yabon da za a yi masa rabi na Japon ne. Ƙanen labarinsa na gida ne, Leone da marubuci Luciano Vincenzoni da abokan aikinsu suka gina shi, kuma a cikinsa ne aka fara ganin abubuwan da daga baya aka san Leone da su: jan lokaci kafin harbi, da fili mai da'ira, da tsohon ciwo da ake buɗewa kaɗan-kaɗan. Ƴan kallon Italiya ma haka suka gani, don ƙanen da ya fito cikin Disamba na 1965 ya fi wansa kawo kuɗi a can. Ganin haka United Artists ta shigo da hannunta, aka sake ninka kuɗin zuwa fiye da dala miliyon guda, aka yi na uku a 1966, «Le Bon, la Brute et le Truand», inda filin duwatsun nan ya faɗaɗa ya zama tsakiyar wata babbar maƙabarta, masu karon kuma suka zama uku.

Fagen ƙarshe na ƙanen bai bar sunan fim ɗin ya tafi banza ba. Kolonel ya kama hanya, saurayin ya loda gawawwakin ƴan fashi a amalanke yana ƙidaya ladan kowane. Ya kai dala 22.000 ya tsaya, lissafi bai cika ba. Sai ya juya ya harbe Groggy, na ƙarshensu, wanda ya lallaɓo ta bayansa da bindiga. Jimla ta zama 27.000. Kolonel ya jiyo ƙara daga nesa ya tambaya ko lafiya, saurayin ya ce lissafi ne ya so ya rikice masa, yanzu ya daidaita. A hanyarsa ta fita ya miƙa hannu ya sauko da jakar kuɗin bankin daga reshen itacen da ya rataye ta.